Igiya da Turke: Sharhi Kan Alwatika da Mahaɗar Layuka

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kurmin Kogi da sauran ƙasar Ikara, da 'yan'uwanmu na Makarfi da Kudan, manoman rake da tumatir da masara. Sharhinmu na yau kan lissafi ne, amma lissafin da ake yi da igiya da turke a fili. Ku ba ni aron hankalinku.

Idan aka samu rijiyar burtsatse guda ɗaya, ko ɗakin shan magani guda ɗaya, kuma unguwanni uku ke da haƙƙi a kai, magana ɗaya ake ji a ƙofar gidan mai unguwa: a sa a tsakiya. Kowa ya amince, an shafa fatiha. Sai an fita fili za a nuna wurin, sannan murya ta fara tashi. Wannan ya nuna gindin tsamiya, wancan ya ce a'a, bakin hanya ne, na uku ya ce an cuce su. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Wurare uku ba su da tsakiya ɗaya tilo. Suna da tsakiya iri-iri, kuma kowace da tambayar da take amsawa. In ba a fara daidaitawa kan tambayar ba, to ba za a taɓa daidaitawa kan wurin ba.

Mu ƙirƙiro misali domin a ji daɗin bi da kunne. Ga Unguwar Maƙera. Ka miƙe gabas sak daga nan, mita 800, sai Unguwar Liman. Ka koma Maƙera ka miƙe arewa sak, mita 600, sai Ruga. Daga Ruga ka yanke kai tsaye zuwa Unguwar Liman, mita 1,000 ne cif. Hanyoyin nan uku sun ba mu alwatika, mai gefe uku da kusurwa uku.

Birkila da ke sauraro ya riga ya gane waɗannan lambobi. Su ne 3 da 4 da 5 da yake amfani da su ranar fitar da harsashin gini. Ya auna ƙafa 3 a wannan igiya, ƙafa 4 a waccan, in tsakanin alamun biyu ya ba shi ƙafa 5, kwanar ɗakin ta tsaya daidai, ba za a zo wajen ɗora kwano a tarar ginin ya karkace ba. A makaranta ana jingina wannan ƙa'ida ga Fisagoras, mutumin Girka, amma mutanen Babila a ƙasar Iraƙi ta yau sun san ta fiye da shekara 1,000 kafin a haife shi. Shi ma kafinta ya san sirrin alwatika, domin katako huɗu da aka haɗa da ƙusa suna iya langaɓewa, amma da zarar ya gitta na biyar daga kwana zuwa kwana, sun kafe. Gefe uku in an san tsawonsu, siffa ɗaya kawai za su iya bayarwa. A kan wannan aka gina duk abin da zan faɗa.

To, tambaya ta farko: ina ne wurin da mutumin Maƙera da na Unguwar Liman da na Ruga za su yi tafiya daidai wa daida, ba wanda ya ɗara wani ko da taku ɗaya?

Ga yadda ake nemo shi, kuma duk mai igiya zai iya gwadawa a tsakar gida da turaku uku. Ɗauki turaku biyu tukuna. Samo igiyar da ta fi tazarar da ke tsakaninsu tsawo, ka ninka ta biyu, ka ƙulla alama a tsakiyarta. Ɗaure bakinta ɗaya a wannan turke, ɗaya bakin a wancan. Kama ƙullin ka ja shi gefe guda har igiyar ta miƙe ta ɓangarorin biyu, ka yi alama a ƙasa. Tsallaka ɗaya gefen ka sake ja, ka sake alama. Ja layi ya haɗa alamun nan biyu, ka bar shi ya zarce. Duk inda ka tsaya a kan wannan layi, nisanka da turakun nan biyu ɗaya ne.

Yanzu ka yi wa Maƙera da Unguwar Liman irin wannan layi. Ka yi wa Unguwar Liman da Ruga nasu. Layukan biyu za su gamu a wani wuri. Tsaya a nan mu yi tunani tare. Kana kan layi na farko, don haka nisanka da Maƙera daidai yake da nisanka da Unguwar Liman. Kana kuma kan layi na biyu, don haka nisanka da Unguwar Liman daidai yake da nisanka da Ruga. Ashe ke nan nisanka da Maƙera daidai yake da nisanka da Ruga. In kuwa haka ne, layi na uku, wanda ba mu ma ja ba tukuna, dole ya biyo ta ƙarƙashin ƙafarka. Ba sa'a ba ce, ba kuma ƙwarewar mai ja ba ce. Dole ce. Wannan ita ce irin hujjar da ta sa nake ƙaunar wannan fanni, hujjar da yaro ɗan aji 2 a ƙaramar sakandare zai iya kafa wa dattijo, dattijon ya gamsu ba don girman mai magana ba, sai don ya gani da hankalinsa. Uƙlidis, malamin da ya yi zamani a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta wannan a kashi na 4 na littafinsa mai kashi 13.

A misalinmu, wannan wuri ya faɗo daidai rabin hanyar Ruga zuwa Unguwar Liman. Kowa mita 500 zai yi. In ka kafa turke a nan ka ja da'ira da igiya mai mita 500, kamar yadda magini ke fitar da da'irar rumbu, za ta ratsa unguwannin uku gaba ɗaya.

Sai mutum ya ce ai magana ta ƙare, adalci ya samu. Mu dakata tukuna.

Mu sauya zaman unguwannin. A ce sun kusa jeruwa a layi ɗaya, kamar yadda ƙauyukanmu ke yawan bin bakin hanya ko bakin rafi. Ta tsakiya tana da mita 500 zuwa ta dama, mita 500 zuwa ta hagu, su kuma na bakin biyu mita 900 ne tsakaninsu. In ka ja layukan nan, mahaɗarsu ba za ta faɗo cikin alwatikar ba sam. Za ta fita waje, can cikin gonaki, inda kowa zai yi tafiyar kimanin mita 574. An daidaita kowa, gaskiya ne. Amma da a rabin doguwar hanyar aka sa abin, na bakin biyu mita 450 kowannensu zai yi, ta tsakiya kuma kimanin mita 218. Ku ji da kyau: kowa ya samu sauƙi, har da wanda ya fi kowa nisa. Wato akwai lokacin da nacewa kan sai an daidaita tafiya ke ƙara wa kowa wahala, don kawai kada a ce wani ya fi wani kusa. Ni a ganina wannan ba adalci ba ne, ƙyashi ne. In ɗakin haihuwa ake magana, abin da ya kamata a tambaya shi ne yaya za a rage wa wadda ta fi kowa nisa tafiya, ba yaya za a ƙara wa ta kusa ba. Mai naƙuda da tsakar dare ba ruwanta da ko maƙwabciyarta ta wata unguwa ta fi ta kusa.

Wanda ya buɗe taswirar jihar Kaduna zai ga ƙananan hukumomin nan uku ma kusan haka suka zauna, Kudan daga yamma, Ikara daga gabas, Makarfi a tsakani. Duk ranar da aka zo zancen wani aiki guda na haɗin gwiwa tsakaninsu, wannan darasi zai yi amfani.

Tambaya ta biyu dabam ce. A ce ba tafiya za a yi ba. Tanki za a ɗora a sama, a ja bututu zuwa kowace unguwa, kuma kuɗin bututu daga aljihun jama'a zai fito. Yanzu abin nema shi ne inda jimillar bututun uku za ta fi gajarta. Mu koma misalinmu na farko. In aka kafa tankin a wurin da kowa ke da mita 500, bututun mita 1,500 za a saya. In aka kafa shi cikin Maƙera, 800 da 600, mita 1,400 ke nan. Amma akwai wani wuri a cikin alwatikar, kimanin mita 205 daga Maƙera, inda jimillar ke sauka zuwa kimanin mita 1,353, kuma babu inda ya fi nan araha a faɗin filin. Alamarsa ita ce, in ka tsaya a wurin ka dubi unguwannin uku, hanyoyin sun raba kewayenka kashi uku daidai, kowace kusurwa digiri 120. Wani Bafaranshe mai suna Fermat ne ya jefa wannan tambaya a ƙarni na 17, Torricelli na Italiya ya warware ta. Bambancin mita 147 na bututu, da haƙa, da rufewa, duk wanda ya taɓa shiga kwamitin aikin gayya ya san ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Akwai hanyar gano wannan wuri ba tare da an rubuta lamba ko ɗaya ba, kuma ina so malaman makaranta su riƙe ta. Samo faffaɗan katako, ka zana unguwannin uku a kai bisa gwargwadon nisansu, ka huda rami a kan kowace. Zura zare a kowane rami, ka ƙulle bakunan ukun wuri guda a saman katakon. A ƙarƙashi kuma ka rataya wa kowane zare ƙullin yashi mai nauyi ɗaya. Ɗaga katakon a kwance, ka ɗan bubbuga shi. Ƙullin zaren zai yi ta motsi har ya tsaya, kuma inda ya tsaya nan ne wurin. Daɗin abin, in Unguwar Liman gida 60 ce, Maƙera 30, Ruga 20, sai ka sa nauyin yashin ya bi yawan gidajen. Ƙullin zai karkata wajen masu yawa, domin yanzu jimillar tafiyar mutane ake ragewa. In kuwa unguwa ɗaya ta fi sauran biyun a haɗe yawa, kamar a nan da 60 ta fi 50, ƙullin zai tafi har bakin raminta ya tsaya. Lissafi ya ce a kai abin cikin babbar unguwar. Amma fa lissafin ya amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Bai san cewa a Ruga akwai tsofaffi da garken shanu ba. Wannan sai mutane.

Da irin wannan tunani masana tattalin arziki suka fara nazarin inda ya dace a kafa masana'anta. Alfred Weber na Jamus ya rubuta littafi a kai a 1909. Mu a nan ba baƙon zance ba ne. Rake kaya ne mai nauyi, shi ya sa masu mazarƙwaila ke kai injin matsewa kusa da gona maimakon su yi ta jigilar rake. Tumatir kuma ba ya jiran mota, shi ya sa aka kawo kamfanin sarrafa shi Ikara a farkon shekarun 1980, kusa da masu noma shi.

Kafin in wuce, wajibi ne in faɗi wani abu game da rijiya. Ƙasarmu ta arewacin Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, ruwa kuma yana taruwa ne a inda dutsen ya tsage ko ya ruɓe. Saboda haka ko igiya ta nuna wuri, sai masu na'urar binciken ruwa sun tabbatar. Amfanin lissafin shi ne a san daga ina za a fara nema, kuma in aka matsa, a san wa aka ƙara wa tafiya da nawa.

Akwai tsakiya ta uku, wadda ba ruwanta da unguwannin, da hanyoyin take aiki. In kana son wurin da nisansa da hanyoyin uku ɗaya ne, misali wurin tara kayan gona da mota za ta iya shigowa ta kowane ɓangare, sai ka raba kowace kusurwa gida biyu daidai. Layukan nan uku su ma wuri guda suke haɗuwa, kuma kullum a cikin alwatikar. A misalinmu, mita 200 ne daga kowace hanya.

Yanzu mu bar unguwanni mu shiga gona, domin a nan ne na fi jin ciwon rashin wannan ilimi.

Gonakinmu kaɗan ne masu kwana huɗu daidai. Wata ta bi rafi ta lanƙwashe, wata ta tsuke ta baya. Amma wajen awo, abin da aka saba shi ne a taka tsawo, a taka faɗi, a ninka. In gefen biyu ba su yi daidai ba, a haɗa a raba biyu. Wannan hanya tsohuwa ce ƙwarai, har a rubutun da ke jikin bangon wani tsohon wurin bauta a Edfu ta Masar an same ta. Aibinta shi ne, in dai gonar ba mai kwana huɗu daidai ba ce, kullum ƙari take yi, ba ta taɓa ragi. Ga gona mai gefe huɗu, kowane gefe mita 100. Mai awo ya ce 100 sau 100, murabba'in mita 10,000, hekta guda. Amma in gonar ta karkace har tsakanin kwana biyu masu kallon juna ya zama mita 100 shi ma, ainihin faɗinta murabba'in mita 8,660 ne. Fiye da kashi 13 cikin 100 babu shi a ƙasa, sai a baki. Mai saye ya biya kuɗin ƙasar da ba ta wanzu ba. Mai haya ya biya. Mai zuba taki da maganin ciyawa ya yi lissafi kan faɗin da ba shi ne ba.

Maganin bai wuce igiya ɗaya ba. A ja ta daga kwana zuwa kwanar da ke kallonta, gona ta rabu alwatika biyu. Ita alwatika ba ta ɓoye faɗinta: tsawon gindi sau tsayi, a raba biyu. Ko gonar kwana bakwai gare ta, yanka ta alwatika-alwatika, ka auna kowace, ka tara. Abin da safiyo ke yi ke nan, ko da tef ya zo ko da na'ura. Tsofaffin taswirorin Nijeriya ma a kan sarƙar manyan alwatikai aka ɗora su, waɗanda aka auna daga kan duwatsu da tsaunuka, tushensu wani ɗigo kusa da Minna.

Ga kuma rabon gado, inda zumunci ke yawan tsinkewa. A ce gona ce mai siffar alwatika, magada biyu masu rabo ɗaya. Nemo rabin gefe guda, ka ja igiya daga nan zuwa kwanar da ke fuskantarsa. Kason biyu ba za su yi kama a ido ba, ɗaya na iya zama siriri dogo, ɗaya gajere mai faɗi, amma faɗinsu ɗaya ne, domin gindinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya. In ɗa namiji ne da 'ya mace, raba gefen gida uku, ka ja igiyar daga alama ta biyu, ya ɗauki kashi biyu, ta ɗauki ɗaya, ba tare da an tauye ta ko taku guda ba. Na ambaci 'ya mace da gangan, domin idan aka yi rabo da ƙiyasin ido, mun san wadda aka fi bari da guntun gefe.

In magada uku ne masu rabo ɗaya, a nan tsakiya ta huɗu ke shigowa. Ja layi daga kowace kwana zuwa rabin gefen da ke fuskantarta. Layukan uku za su haɗu wuri ɗaya, kashi biyu cikin uku na tafiya daga kowace kwana. Kafa turke a nan, ka ja igiya zuwa kwanonin uku, gona ta rabu uku daidai. Wannan wuri shi ne cibiyar nauyin alwatika. Yanka alwatika daga kwali, ka ɗora wannan ɗigo a kan tsinin fensir, za ta zauna ba ta faɗi ba. Arkimidis, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da haka. Ba na cewa igiya za ta maye gurbin alƙali ko malamin da ya san fara'id. Ƙasar fadama ba ɗaya take da ta tudu ba, gefen da ke da mangwaro ko rijiya ba ɗaya yake da fako ba, wannan sai an yi ƙima. Amma malami ya fitar da kaso a takarda, sannan a zo gona a raba da "daga nan zuwa can", wannan rabin aiki ne. Shi kansa Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, a littafi guda ya haɗa babin awon ƙasa da dogon babin wasiyya da gado. A ciki har ya kawo alwatika mai gefe 13 da 14 da 15, ya nuna tsayinta 12 ne, faɗinta 84.

Akwai mahaɗa ta biyar, inda layukan tsayi uku, wato waɗanda ke sauka sak daga kowace kwana zuwa gefen da ke fuskantarta, ke gamuwa. A misalinmu ta faɗo kan Maƙera kanta. Ba ta da yawan amfani a gona, amma tana ɗauke da wani abin mamaki. A 1765 Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa wannan mahaɗa, da cibiyar nauyi, da wurin da ke daidai nisa da kwanoni uku, kullum a layi ɗaya suke jeruwa, kuma tazara ta farko ninki biyu ce ta ta biyu. A misalinmu, daga Maƙera zuwa cibiyar nauyi kimanin mita 333, daga nan zuwa rabin doguwar hanya kimanin 167. Fiye da shekara 2,000 mutane na zana alwatika bayan Uƙlidis kafin wani ya lura da wannan. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ajiye irin wannan tsari cikin layuka uku kacal.

Na san akwai mai cewa wannan duk karatun boko ne, na Turawa. To ga tarihi. A ƙarshen 1826, Baturen Birtaniya Kyaftin Clapperton ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello karo na biyu, bayan ya biyo ta Zariya da Kano. Cikin tsarabar da ya kawo akwai littafin Uƙlidis da Larabci. Clapperton ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa ya shiga wurin Sarkin Musulmi ya tarar da shi zaune da littafin a gabansa, kuma Bello ya shaida masa cewa gidansu dama suna da kwafi, wani ɗan'uwansu ya samo shi a Makka, gobara ce ta cinye shi shekarar da ta gabata. Wato kafin a buɗe makarantar boko ko ɗaya a ƙasar Hausa, wannan littafi yana gidan su Bello. Tun zamanin Haruna Rashid aka fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza. A can ne kuma Abul Wafa, wanda ya rasu a 998, ya rubuta littafi sukutum kan abin da mai sana'a ke bukata na ilimin handasa, domin magina da masassaƙa. Kusa da mu, bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, ba a tayar da irinsu sai da sanin inda layi zai gamu da layi da inda nauyi zai sauka.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke koyar da shi yau. Yaro na ɗauke da akwatin kayan lissafi, da kamfas da rula a ciki, ya haddace matakan raba layi biyu domin tambayar zane tana fitowa a jarrabawar kammala sakandare. Ya ci jarrabawa, ya dawo gida, a kira shi awon gonar mahaifinsa, ya tsaya yana kallo. Ba laifinsa ba ne. Ba a taɓa nuna masa cewa kamfas ɗin nan igiya da turke ne aka ƙanƙanta ba. A gefe guda kuma ga birkila da ya shekara 30 yana fitar da kwana da 3 da 4 da 5, bai taɓa jin an ce masa abin da yake yi shi ne darasin da ke cikin littafin ɗansa ba.

Don haka ina kira ga malaman lissafi na Kurmin Kogi, da na Ikara da Paki da Auchan, da na Makarfi da Hunƙuyi da Kudan. Ranar da kuka zo babin alwatika, ku fito da yara filin makaranta. Igiya mai mita 30, turaku, da toka ta jan layi sun isa. Ku zaɓi bishiyoyi uku, ku sa yara su nemo wurin da ke daidai nisa da su, su auna da tef su gani da idonsu. Ku gayyato birkilan unguwa ya nuna musu yadda yake fitar da kwana, su kuma su faɗa masa dalilin da ya sa take fita. 'Yan mata su riƙe igiyar nan kamar yadda maza za su riƙe, domin su ma magada ne. Shugabannin makarantu, ku ba da wannan lokaci, kada ku ɗauke shi wasa. Iyaye kuma, in an zo awon gona bana, ku kira ɗalibin gidan, ku miƙa masa bakin igiya, ku ce ya ja daga kwana zuwa kwana ya faɗa muku abin da ya samu.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara zumunci tsakaninmu.